AMSOSHIN WASIƘUNKU: Taro Ta Wayar Hannu, Ko Zai Amfani Manomi Da Ɗan Kasuwa?

    

A 'yan makonnin nan wasiƙu da saƙonni sun taru mana a kan magana guda, watau wannan taro da ake yi ta intanet, inda mutane ke zaune a garuruwa dabam-dabam amma suna ganin juna suna jin juna a cikin waya. Na zaɓi guda huɗu daga ciki, domin kowace ta taɓo wani gefe na maganar. Sai a gyara zama.

WASIƘA TA FARKO

Wannan ta fito ne daga sakataren wata ƙungiyar manoman rani a yankin Kadawa ta jihar Kano. Ya ce kowace shekara idan tumatir ya kusa nuna, sukan tara kuɗi su tura mutum uku zuwa Ikko, watau Legas, domin su zauna da dillalansu na kasuwar Mile 12 a daidaita. To bana ɗansa da ya yi karatu ya ce masa wannan ɓarnar kuɗi ce, a yi zaman ta waya kawai. Shi ne yake tambaya: mene ne wannan taro, daga ina ya samo asali, kuma ashe ba harkar manyan kamfanoni da ma'aikatan gwamnati ba ce?

To Malam Sakatare, mun gode da wasiƙarka. Abin ba wani tsafi ba ne. Wayar da ke da kyamara tana ɗaukar muryarka da hotonka, ta aika da su ta intanet zuwa wayoyin sauran mutane a cikin ƙiftawar ido, su ma nasu su zo maka. Bambancinsa da kiran da ka saba shi ne mutane da yawa ke shiga lokaci guda, ana ganin fuska, kuma abin da yake ci data ce.

Waɗanda suka manyanta za su tuna lokacin da mukan ba direba wasiƙa, ko mu ɗauki magana a kaset mu aika wa ɗan'uwa a Makka ko Sudan, a yi wata guda ana jiran amsa. Wayar salula ta tsarin GSM ba ta fara aiki a Nijeriya ba sai a watan Agusta na 2001. A shekarar 2003 aka fito da Skype, wadda ita ce ta fara sabar wa talakawan duniya da yin kira ta intanet, ko da yake an rufe ta a watan Mayu na 2025. WhatsApp da kuka sani ta fito a 2009, ta soma kiran murya a 2015, ta ƙara da na bidiyo a 2016. Ita kuwa Zoom, wani injiniya haifaffen ƙasar Sin mazaunin Amurka mai suna Eric Yuan ne ya kafa kamfaninta a 2011, aka fara amfani da ita a 2013.

Amma abin da ya tura duniya gaba ɗaya cikin wannan hanya shi ne annobar korona. Kamfanin Zoom ya bayyana cewa masu shiga taro a manhajarsa kowace rana sun tashi daga miliyan 10 a watan Disamba na 2019 zuwa miliyan 300 a watan Afrilu na 2020. A cikin wannan watan na Afrilu ne aka rufe Kano, aka hana zirga-zirga, kuma a watan Mayu Majalisar Zartaswa ta Tarayya da kanta ta koma yin zamanta ta bidiyo. Ita ma doka ta bi sahu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda kamfanoni masu zaman kansu su yi babban taronsu ta wannan hanya, sa'an nan a 2023 aka faɗaɗa izinin ya haɗa da kamfanonin da jama'a ke da hannun jari a ciki. Watau dai abin da aka yanke a irin wannan zama ba wasan yara ba ne.

Batun cewa na manya ne kuwa, ni a ganina ƙaramin ɗan kasuwa ya fi babba bukatarsa. Babban kamfani idan ya tura ma'aikaci tafiya, akwai wasu ɗari da ke riƙe da ofis. Kai fa? Ranar da ka bar gona, ban-ruwa ya tsaya. Ranar da ka rufe rumfa, ciniki ya tafi rumfar maƙwabci.

Ga lissafin da nake so ku yi a ƙungiyarku. Daga Kano zuwa Ikko tafiyar kimanin kilomita 1,000 ce. Ku rubuta kuɗin mota zuwa da dawowa, da na masauki, da na abinci, da ladan wanda zai kula da gona a bayan mai tafiya, ku ninka sau uku. Kun dai san yadda kuɗin mota ya koma tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haye naira 1,000. Idan kun gama, ku ajiye wannan jimla a gefe guda, ku ajiye kuɗin datar awa ɗaya a ɗaya gefen. Ba sai na gaya muku wanda ya fi nauyi ba. Ban ma sa haɗarin mota da na miyagun da ke tare hanya ba, domin rai ba ya shiga lissafi.

Amfani na biyu shi ne wanda Bahaushe ya riga ya faɗa: gani ya kori ji. Tumatir ba ya jiran kowa. Idan dillali ya ce maka ta waya kasuwa ta cika, kwando ya faɗi, sai dai ka yarda ko ka ƙi. Amma idan da sassafe yaronka da ke can ya ɗaga waya ya nuna maka motocin da suka shigo da waɗanda ke jiran a sauke su, kai da idonka za ka san ko yau ranar tsinka ce, ko a karkata lodin zuwa Badun ko Anacha, ko kuwa a yanka a shanya a yi kauɗa. Shi ma mai saye kana iya zagayawa da shi cikin gonarka ya ga girman 'ya'yan da nunarsu kafin ya taya.

Na uku, wanda a wurina ya fi duka, shi ne shaidu. Yawancin rigimar da ke kashe ƙungiyoyin manoma daga “an ce, ka ce” take tasowa. Wakili ya dawo ya ce kaza aka sayar, wasu su ce ƙarya ne, ya ci wani abu. Wani lokaci ya ci ɗin, wani lokaci kuwa bawan Allah ne aka zalunta da zargi. To idan shugaba, da ma'aji, da dillali, da direba, da mai saye duk suna kan waya ɗaya, sauran 'yan ƙungiya kuma suna zaune a gindin bishiya suna ji ta lasifika, farashi ɗaya kowa zai ji, la'ada ɗaya, kuɗin mota ɗaya. Mai gaskiya ya huta da zargi, mai ha'inci kuma ƙofa ta rufe masa. Saboda haka Malam Sakatare, ɗanka ya yi gaskiya. Sai dai ka saurari amsar wasiƙa ta uku kafin ka soke tafiyar gaba ɗaya.

WASIƘA TA BIYU

Wata Hajiya ce ta aiko daga Damagaram a Jamhuriyar Nijar. Tana sayar da atamfa da shadda da leshi a cikin gida, kayanta kuma daga Kantin Kwari na Kano ake kawo mata. Ta ce ba ta yi boko ba, ba ta kuma cika fita ba. Wace manhaja ce ta fi sauƙi da araha, kuma ko dole ne sai baƙin maza sun ga fuskarta?

Hajiya, ranki ya daɗe. In fara da ta ƙarshen: ba dole ba ne. A kowace daga cikin manhajojin nan kina iya rufe kyamararki, ke kina ganin kaya, su kuwa muryarki kawai suke ji. Wannan ma na daga cikin alherin abin ga mata masu sana'a a gida. Da sai dai ki aiki yaro ko ƙane, ya zaɓo abin da ya yi masa kyau, ya zo ki ga ba irin wanda matan unguwarku ke so ba ne. Yanzu mai shago zai buɗe miki turmi-turmi, ki ce wannan, ki ce ajiye wancan.

Wajen sauƙi, WhatsApp ce ta fi dacewa da ke, tunda tana cikin wayarki, kuma hoton kyamara kawai za ki taɓa, ba sai kin karanta komai ba. Tana ɗaukar har mutum 32 a kira ɗaya. Idan taron ya fi haka, kamar na ƙungiyar mata ko na 'yan adashi masu yawa, akwai Zoom da Google Meet. Kowace tana ɗaukar mutum 100 a tsarinta na kyauta, sai dai Zoom tana yankewa bayan minti 40, Google Meet kuma bayan awa ɗaya. Ana aiko wa mutum wani layin rubutu mai launin shuɗi, ya taɓa shi, sai ya tsinci kansa cikin taro.

Wajen araha kuma, ki lura da abu biyu. Na ɗaya, kira ta intanet bai san iyakar ƙasa ba. Datar da za ki ƙona ki kira maƙwabciyarki ita ce za ki ƙona ki kira Kano. Na biyu, hoto ya fi murya cin data nesa ba kusa ba. Awa ɗaya ta bidiyo na iya lashe rabin gigabait ko fiye. Dabarar ita ce a gaisa a yi ciniki da murya, a buɗe kyamara lokacin duba kaya kawai.

Idan za a nuna miki zane, ki ce a fito da shi hasken rana, domin fitilar shago tana sauya launi. Ki ce a nuna miki rubutun bakin zanen da tambarinsa, a kuma juya miki bayansa. Su ma manyan 'yan Kwari da kike saye a hannunsu, da yawansu haka suke duba kaya a wurin abokan cinikinsu na birnin Guangzhou. Wahalarsu ɗaya ce, agogon Sin yana gaban namu da awa bakwai, ƙarfe tara na safe a Kano ƙarfe huɗu ne na yamma a can. Ke kuwa kin huta, agogon Damagaram da na Kano ɗaya ne.

Kin kuma ga abin da ya faru da aka rufe iyakokin Nijeriya daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma rufe iyakar Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024. Waya ba ta tsallakar da dila ko ɗaya ba, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya riƙa ganawa da abokin cinikinsa a lokacin, ana lissafin bashi ana gaisawa, ranar da aka buɗe hanya daga inda ya tsaya ya ci gaba.

WASIƘA TA UKU

Wannan daga wani dattijo ne, falken shanu da ke cin kasuwar Maigatari. Shi bai zo da tambaya ba, ya zo da faɗa. Ya ce duk wannan cinikin biri ne a sama. Shekara talatin yana harkar dabbobi, bai taɓa sayen sa bai dafa shi ba, kuma zumunta a ƙafa take.

Baba, Allah ya ƙara girma. Ba zan yi musu da kai ba, domin rabin maganarka gaskiya ce tsantsa. Kyamara ba ta dafa tozo, ba ta jin nauyi. Mai wayo yana iya tsayawa ta gefen da dabba ta fi kyau, ya ɓoye ƙafar da take ɗingishi. Haka abin yake ga hatsi: waya ba za ta gaya maka masara ta bushe ko da sauran danshi ba, ba ta kuma ganin tsakuwar da ke gindin buhu. Wanda ya tura miliyoyi ga mutumin da bai taɓa sani ba don kawai ya ga shanu a waya, ya yi cinikin birin da ka faɗa.

Inda na rabu da kai shi ne nan. Mahaucin da ka shekara goma kana kai wa shanu a Kudu, ka san gidansa, ya san naka, shin sai ka bi tirela kwana biyu kowane mako kafin ku daidaita? Amana ido da ido ake ƙulla ta, amma da zarar ta ƙullu, waya tana iya riƙe ta. Shawarata ga kowa, har da Malam Sakatare na Kadawa, ita ce cinikin farko a yi shi da ƙafa, ko a tura wakili amintacce wanda zai taɓa kaya da hannunsa. A riƙa kuma kai ziyara ko sau ɗaya a shekara. Zirga-zirgar da ke tsakani ita ce waya za ta ɗauke muku.

Akwai kuma wani abin da Baba bai ambata ba, ni zan ƙara masa. Ƙauyuka da yawa har yanzu sai an hau tudu ake samun sabis. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma rufe a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin ɗari. Don haka kada mutum ya watsar da tsofaffin hanyoyinsa. Direban da ka saba ba saƙo, ka ci gaba da gaishe shi.

WASIƘA TA HUƊU

Ta ƙarshe mai ban tausayi ce. Wani mai sayar da wake daga jihar Gombe ya ce wani ya kira shi da sunansa, ya ce masa ƙungiyar 'yan kasuwarsu za ta yi taro ta waya da daddare, an turo masa lambobi shida na shiga taron, ya karanto su a sa sunansa. Ya karanta. Kafin la'asar WhatsApp ɗinsa ta fita daga hannunsa, ɓarawon ya bi abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya yana neman rance da sunansa, har mutum biyu suka tura.

Malam, Allah ya mayar da alheri. Jama'a, ku buɗe kunne da kyau. Babu wani taro a duniya da ake shiga ta hanyar karanta wa wani lambobin da suka shigo wayarka. Waɗannan lambobi shida makullin WhatsApp ɗinka ne. Ɓarawon ne ya sa lambar wayarka a tasa wayar, kamfani ya turo makullin gare ka don ya tabbatar kai ne, kai kuma ka miƙa masa. Maganin abin shi ne kada ka faɗa wa kowa, ko da ya ce shi ne shugaban ƙungiya. Ka kuma sa wani yaro mai amana ya nuna maka inda ake sa lambar sirri ta biyu, kai ka zaɓe ta da kanka. Wanda abin ya riga ya same shi, ya yi maza ya sake rajistar lambarsa a wayarsa, ya kuma sanar da mutanensa ta kiran waya.

Ko ganin fuska ma yanzu sai an haɗa da hankali. A farkon 2024 'yan sandan Hong Kong sun ba da labarin wani ma'aikacin kamfani da ya shiga taron bidiyo, ya ga fuskokin manyansa, ya ji muryoyinsu, suka umarce shi ya tura kuɗi, ya tura kimanin dala miliyan 25. Ashe duk hotunan da muryoyin na'ura ce ta ƙirƙira su. Darasin a nan shi ne, duk lokacin da aka zo maganar tura kuɗi, musamman idan an ce maka an sauya lambar asusu ko ana gaggauta ka, ka kashe, ka kira mutumin ta lambar da ka daɗe da saninta. Kada kuma ka saki kaya don an nuna maka hoton alat. Sai ka ga kuɗi sun zauna a asusunka.

KAFIN MU RUFE

Ni da na riƙe alli kafin in zo gidan rediyo, na san ajin da ba malami kasuwa ne. Taron waya ma haka yake, har ya fi, domin idan mutum biyu suka yi magana tare ba a jin ko ɗaya. Ga abin da zan bar muku.

A sa rana da lokaci tun da wuri, a kauce wa ranar kasuwa da lokutan salla. A faɗi abin da za a tattauna kafin a shiga, kada ya wuce abu biyu ko uku. Kowa ya yi cajin wayarsa ya sayi data tun da rana, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A naɗa mai ba da izinin magana, wanda ba shi ke magana ba ya rufe makirufonsa. Ba sai kowa yana da babbar waya ba, guda ɗaya ta ishi mutum goma idan an zauna wuri ɗaya inda sabis ke da ƙarfi. Sakatare ya riƙe littafi da biro, ya rubuta yawan kaya, da farashi, da ranar lodi, da ranar biya, da wanda zai ɗauki asara idan kaya suka lalace a hanya. Kafin a watse ya karanta kowa ya ji, sa'an nan ya ɗauki hoton shafin ya tura wa kowa. Idan za a naɗi muryar taron, a nemi yardar mahalarta tukuna. Ƙungiyar da ke da rajista kuma ta duba kundin dokokinta, idan bai ambaci irin wannan zama ba a ƙara a ciki, don kada gobe wani ya ce bai yarda da abin da aka yanke ba.

Malam Sakatare, ku gwada da ƙaramin abu tukuna, kamar zaman daidaita kuɗin mota da direbobi, ku ga yadda za ta kaya. Idan kun gwada, ku rubuto mana abin da kuka gani, mai daɗi da marar daɗi, domin sauran manoma su ƙaru.

To jama'a, agogo ya harare mu. Waɗanda ba su ji wasiƙunsu ba su yi haƙuri, suna nan a ajiye, za mu zo kansu. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya ba da sa'ar kasuwa, ya sa a yi girbi lafiya. Ku huta lafiya.